Kwalaben Iri na Goggo

Akwai shekarar da na yi wata uku ina yawo da rakoda, ina neman mutanen da ke tara abubuwa don sha'awa kawai. Shiri ne na mako-mako a gidan rediyon da nake aiki a Maradi, kuma ni na kawo shawararsa. A Ɗan Issa na samu wani tsohon direba da ya cika gwangwanin madara uku da makullan motocin da suka mutu a hannunsa ko a hannun abokansa. A bakin tabkin Madarumfa wani masunci ya nuna mini ƙugiyoyin da ya samu maƙale a bakin kifayen da suka taɓa kuɓuce wa wasu masunta. Wani mushe, wato malamin makaranta, da ya daina koyarwa yana da littafi cike da kan sarki na tsoffin wasiƙu.

Tambayata ta ƙarshe ɗaya ce ga kowa: don me? Yawancinsu sukan yi dariya su ce haka nan. Direban ne kaɗai ya ɗan yi tunani, ya ce, "Motar ta tahi, ƙarhenta ma an kwashe. To mi za ni riƙe in ba wannan ba?"

Sai da shirin ya kusa ƙarewa, na rasa wanda zan saka a wani mako, sannan na tuna da Goggo.

Goggo yayar mahaifina ce. Mahaifiyata ta rasu tun ban fara tafiya ba, Goggo ta ɗauke ni ta haɗa da ƴaƴanta a gidanta na Madarumfa. A ɗakinta na girma. Akwai gado, da akwatin ƙarfe, da wani dogon katako da aka kafa jikin bango, a kansa kuma kwalabe jere. Wasu na magani ne, wasu na lemo, wasu na turare. Kowace akwai iri a ciki gauraye da toka don kada ƙwari su ci, an toshe bakinta da totuwar masara, an ɗaura mata ƙyalle a wuya. Tun ina yaro nake ganinsu kamar yadda nake ganin turmi da taɓarya. Ban taɓa ɗaukarsu abin da ake tarawa ba. Na je har bakin iyaka ina neman masu tari, alhali a ƙarƙashin wannan katako na koyi rarrafe.

Na je mata wata ranar Talata da hantsi. Ta ga rakodar a hannuna ta ce, "Kai, ɗan rediyo, yau kuma mi ka zo sata?"

Na ce, "Murya kawai, Goggo."

"Muryar ma ka rage mini kaɗan. Ina da jikokin da za ni yi wa faɗa."

Ta sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta sauko da kwalaben ɗaya bayan ɗaya. A ranar na san cewa tarin nata yana da doka. Ba ta saka irin da aka saya a kasuwa. Sai wanda wata mace ta ba ta hannu da hannu, daga abin da gidansu suka saba shukawa. Kuma da yake Goggo ba ta yi karatun lekol ba, ba ta iya rubuta suna, sai ta roƙi mai kyautar ta yago mata ɗan ƙyalle daga bakin zanenta. Shi ne rubutun. Tana ɗaga kwalba tana cewa: wannan geron matar mahauci ne, wannan dawar mai hura ta bakin tasha, wannan waken amaryar gidan masunta, wadda yanzu jikokinta sun yi aure amma har yau amarya take a bakin Goggo.

Ta kuma yi mini bayanin abin da ban sani ba duk da zamana a ɗakin. Iri ba ya jira har abada. Idan ya daɗe a kwalba sai ya mutu, ko da idonka na ganinsa lafiya lau. Don haka duk damina biyu takan shuka kunya ɗaya na kowanne, ta girbe, ta sabunta na kwalbar. Gero shi ne mai wahala, domin iska na haɗa shi da na maƙwabta, sai ta riƙa roƙon gefen gonakin da suka yi nisa da juna. Wake kuwa ba ruwansa. Ko ka shuka iri biyu kusa da kusa, yawanci kowanne yakan fito da kamanninsa.

Na yi mata tambayar da nake yi wa kowa.

Ta ce, "Kai kuwa sai tambaya kamar likita." Ta juya wata kwalba a hannunta, tokar ta zame zuwa gefe. "Rabin matan nan sun riga mu. In na sauko da kwalba za ni shanya, sai mu gaisa da mai ita. Shi ke nan. Ka sa haka cikin rediyonka, kada ka ƙara gishiri."

Ina shirin rufe hira sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Har na uwarka na nan ciki. Wake ne."

Dole in faɗi yadda gidanmu yake game da wannan. Ba a ambaton mahaifiyata a gabana. Ba don ƙiyayya ba. Mutanenmu suna ganin tausayi ne kada a riƙa tuna wa maraya abin da ya rasa. Ni kuma kunya ta hana ni tambaya, har na girma na yi gemu. Ba ta bar hoto ba. Tufafinta an rabar tun kafin in yi wayo. A iya sanina babu abu ɗaya a duniya da ya bi ta hannunta ya iso gare ni, in ban da ni kaina.

Na kashe rakodar, domin na ga maganar ba ta masu sauraro ba ce. Na ce, "Wacce ce, Goggo?"

Daidai nan mata biyu suka yi sallama, sun zo tafiya da ita gidan suna. Ta miƙe tana neman mayafi, ta ce, "Ba a nuna wannan a tsaye. In ka komo sai mu zauna."

Ni ma ina da mota da zan kama, ga shirin da zan haɗa. Na ce mako mai zuwa. Daga Maradi zuwa Madarumfa ba tafiya ba ce da mutum zai yi wa shiri, kuma ina jin shi ya sa ban yi ba. Mako ya zama wata. Cikin bazara, ana jiran ruwan farko, aka kira ni da safe cewa Goggo ta kwanta kwana biyu, kuma Allah ya yi mata cikawa.

Zaman makoki a wurinmu rabe yake. Maza suna waje a inuwar itacen bedi suna amsa gaisuwa, mata suna cikin gida. Kwana uku na yi a tabarmar waje kusa da yayana, wato ɗan Goggo na fari, ina amsa "ya haƙuri" har bakina ya bushe. Tsakanina da ɗakin Goggo bango ɗaya ne. Kwalaben sun faɗo mini a rai sau da yawa, amma na ce ba yanzu ba, ba a shiga ɗakin mamaci ana dube-dube tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Ranar sadakar uku, bayan malamai sun shafa fatiha, aka fito da gumba a manyan faranti. Na ɗauki dunƙule ɗaya na kai baki. Na lura launinta ba ɗaya ba ne, akwai toka-toka, akwai ruwan ƙasa, amma ban kawo komai ba. Sai yayana ya sunkuyo ya ce mini, da muryar mai jin daɗin abin da aka yi, "Daga hatsin ɗakinta aka daka. Matata ta ce in da nata aka yi sadakar, ladan ya hi saurin isa gare ta."

Na haɗiye abin da ke bakina, domin babu yadda zan yi da shi. Na ce, "Na cikin kwalabe?"

"Shi. Duka aka juye."

Na tashi na yi sallama na shiga cikin gida. Tsakar gida cike da mata. Turame biyu an riga an kife su. A bayan rumbu na hango kwalaben a tule, babu komai ciki, ƙyallayen na nan a wuyansu. A gefen murhu kuwa ga babbar tukunya ruwa ya fara motsi, kuma kusa da ita matar yayana na zaune da kwano a cinya, ta gama sheƙe toka daga cikin wake. Fari, ja, baƙi, mai zane, duk a haɗe. Za a dafa shi da shinkafa don abincin ranar baƙi.

Na ce, "Matar Yaya, don Allah dakata da waken nan."

Ta ɗago da jajayen idanu. Ita ce ta yi jinyar Goggo, ita ce ta kwana uku ba ta huta ba. Ta ce, "Lahiya? Ruwa ya tafasa."

Na ce ina so a ajiye shi. Ni da nake cin abinci da magana, na tsaya a tsakiyar mata arba'in na rasa jimla ta biyu. Ba zan iya ambaton mahaifiyata a wurin ba, harshena bai saba ba.

Wata dattijuwa daga dangin mijin Goggo ta ce, "A ajiye ma wa? Abin mamaciya ne, sadakarta ce. Kai da ta raina tun kana tsumma, kai ne za ka hana ta lada don tiya guda ta wake?"

Wasu suka yi ƙasa da kai saboda kunyar da na jawo wa kaina. Kuma maganarta a kan hanya take. Babu wanda ya yi mugunta a gidan nan. Sun ga hatsi a ɗakin mamaciya, sun yi da shi abin da ake yi.

Can gefen zaure, nesa kaɗan da sauran, akwai wata tsohuwa zaune a kan buhu. Ƙawar Goggo ce tun suna ƴan mata, daga wani ƙauye kusa da Safo. Gidansu suna kan addinin gargajiya har yau, kuma hakan bai taɓa hana su zumunci ba. Goggo takan aika mata da naman layya, ita kuma ta aiko da sabon gero in an yi girbi. Iya muke ce mata. Da safen nan ta iso a amalanken jaki, bayan an riga an daka geron.

Ta dogara sanda ta taso, ta leƙa cikin kwanon, ta damƙi waken ta buɗe tafin hannunta. Ta ce, "Wa ya juye wannan?"

Matar yayana ta ce, "Ni ce, Iya."

"Ɗiyata, wannan ba abinci ba ne. Iri ne." Ta juya ga dattijuwar. "Ke, a gidanku ana cin iri? Shekarar da muka ci ganye har haƙoranmu suka yi kore, kin ga wanda ya taɓa damen iri?"

Dattijuwar ta ce, "To ai sadaka ce."

Iya ta ce, "Zancen lada ku da malamanku kuka sani, ni ban shiga. Abin da na sani, in kun dafa yau, gobe babu. In kun shuka, baɗi ku yi mata sadaka da kwando, baɗin waccan ma haka. Ku zaɓa."

Wata daga baya ta ce, "Yau ga Iya na wa'azi," sai aka yi dariya, dariyar farko da na ji a gidan cikin kwana uku. Matar yayana ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ajiye kwanon nesa da wuta, ta aika a gaya wa mijinta ya ɗebo wake daga rumbu.

An hana tukunya, amma matsalata na nan. Wake iri goma sha ɗaya a kwano guda, kuma ban san wanne nake nema ba. Da mutane suka koma harkokinsu na durƙusa kusa da Iya, na faɗa mata a hankali abin da Goggo ta ce mini. Shi ne karo na farko a rayuwata da na furta "mahaifiyata" a gaban wanda ya san ta.

Iya ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Kawo mini kwalaben."

Na kwaso su na jera a gabanta. Ta bi su da yatsa, tana taɓa ƙyallayen, har ta tsaya a kan wata ƙaramar kwalbar magani mai ruwan ƙasa. Ƙyallenta shuɗi ne da ya koɗe, da ɗigo-ɗigon fari.

Ta ce, "Ga ta. Anko muka yi da zanen nan mu uku, ni da goggonka da ita, bikin wata ƙanwata. Nawa har ya zama tsumman goge tukunya."

Na ce, "Amma ai babu komai a ciki, Iya."

"Kai dai rediyo ka iya." Ta kifa kwalbar a tafin hannunta ta buga gindinta sau uku. Tokar da ta daskare a ƙasa ta faɗo dunƙule. Ta murje ta da babban yatsa, sai ga ƙwayar wake uku. Ƙanana ne, ja-ja, da ɗigon baƙi kamar ƙwan zabuwa.

Ta ce, "Da shi ta zo daga gidan ubanta, ƙulle a bakin zane. Nemo mini faifai."

Haka muka yi da sauran kwalaben wake. Kusan kowace ta riƙe ƙwaya biyu ko uku a cikin tokar gindinta, kuma su suka zama mana abin kwatance. Iya da matar yayana da ni muka zauna a inuwar rumbu muna tsinta. Idon Iya ya yi rauni, don haka ita ke faɗa, mu muna ɗauka. Matar yayana ta fi ni sauri nesa ba kusa ba. Can ta ce, "Ƙanin miji, da ka buɗe baki ka faɗa tun ranar farko, da ban yi wannan aika-aika ba. Mutum yana magana duk ƙasa na ji, amma a gidansu bebe."

Na ce, "Laifina ne, ba naki ba."

"Na sani. So nake in ji ka faɗa."

Muka gama bayan la'asar. Ba duka muka ceto ba, kuma ba zan ƙara gishiri ba tunda an hana ni. Gero da dawa sun tafi gaba ɗaya, ko ƙwaya ba mu samu a gindin kwalabensu ba, baƙi sun cinye, ni ma na ci rabona. Cikin waken akwai farare iri uku da suka yi kama da juna har Iya ta ce ba za ta yi ƙarya ba, a bar su a haɗe. Sauran takwas sun koma kwalabensu. Na mahaifiyata bai cika kofin shayi ba.

Kafin Iya ta hau amalanke na raka ta ƙofar gida. Ban tambaye ta komai ba, ita ce ta dube ni daga sama zuwa ƙasa ta ce, "Tahiyarta gare ka. In za mu kasuwa sai ta bar mu baya, ta tsaya gindin icce tana jiranmu tana yi mana tsiya." Ta ja bakin zanenta ta zauna. Iyakar abin da na sani ke nan game da halin mahaifiyata, kuma ya ishe ni juyawa har yau.

Da ruwa ya sauka muka shuka kunya takwas a gefen gonar yayana, na hana kaina cewa mako mai zuwa. Na raba waken mahaifiyata biyu, na shuka rabi, na bar rabi a kwalba ko da damina za ta ci amana. Matar yayana ce ta kula da su. Takan kira ni a waya, tana nufin waken mahaifiyata, ta ce, "Surukata ta yi hure," ko kuwa, "Awaki sun so gaida surukata, na kore su." Da kaka waken mahaifiyata kaɗai ya cika ƙwarya biyu.

Ta dafa mini kaɗan da mai da yaji. Gaskiya ita ce wake ne kamar kowane wake, sai dai ya fi jinkirin nuna, kuma fatarsa ta ɗan fi kauri. Na cinye ban bar ko ƙwaya ba. Ƙwarya ɗaya muka haɗa da sauran muka yi wa Goggo sadaka. Dattijuwar nan da ta yi mini faɗa ita aka fara kai wa, ta aiko da godiya, ta ce a faɗa mini har yanzu ba ta yarda na yi daidai ba.

Kaset ɗin hirar yana nan. Na saurare shi sau da yawa da kwalaben a gabana, ina bin launin ƙyallen da take ambata, har na haddace wace ce matar mahauci, wace ce amaryar gidan masunta. Kwalaben gero da dawa ban zubar ba, suna nan babu komai ciki, da ƙyallayensu. Wasu gidajen na bi na tambaya, biyu sun ce har yanzu suna shuka irin kakarsu, suka cika mini.

Yanzu katakon yana ɗakina a Maradi. Kwalba ɗaya ce sabuwa a kansa. Bayan girbin farko na je ƙauyen Iya da ƙullin wake mai ɗigo, ta auno mini geron gidansu a madadinsa. Na tsaya ban tafi ba. Ta ce, "Mi kuma?" Na nuna bakin zanenta. Ta ce, "Kai ma ka kamu," ta sa haƙori ta yago mini.